Yadda Ake Gina Ƙaramin Gida da Ƙasa, Dutse da Itace, Mataki Bayan Mataki

Tambayoyi kan gina ƙaramin gida da kayan da ake samu daga ƙasa sun ƙi yankewa. Wannan ya ce ta ina ake farawa, wancan ya ce ko ƙasar filinsa za ta yi, wata kuma ta ce ita fargabarta kada damina guda ta zo ta narkar da gumin shekaru. Shi ya sa na ga gara in jero aikin yadda yake bin juna, daga duba fili har shiga gida.

Ka riƙe abu ɗaya kafin mu shiga. Bangon ƙasa yana ɗaukar nauyi sosai, amma ba ya shiri da ruwa. In ka cire girgizar ƙasa, kusan duk gidan ƙasar da ya zube, ka bi diddigi za ka tarar ruwa ne ya sauko masa ta sama, ko ya hau shi ta gindi, ko kuma an kulle danshi a cikinsa da filasta. Yawancin abin da zan faɗa a nan dabarun raba bango da ruwa ne.

Don lissafi ya zo da sauƙi, zan riƙa misali da gida mai hawa ɗaya, mita 6 a mita 7: ɗakin kwana, falo haɗe da kicin, sai banɗaki.

1. Duba fili da neman izini

Ka je filin ana tsakar ruwan sama, ko washegari da sassafe. Duk inda ruwa ya kwanta, cire shi daga lissafi. Abin da kake nema shi ne ɗan tudu, ko wuri mai gangare kaɗan wanda ruwa ke wucewa ba ya tsayawa. Tona ramuka biyu ko uku masu zurfin mita ɗaya, ka ga abin da ke ƙasa. In baƙar laka ce, irin wadda ke tsattsagewa da rani ta kumbura da damina, ko kuwa tsohon rami ne da aka cike, to harsashin gidan sai da injiniya. Manyan itatuwa ka bar su, musamman na ɓangaren yamma, amma ka ja ginin nesa da saiwarsu.

Sai izini. Wasu wurare suna da rubutacciyar ƙa'idar ginin ƙasa: New Zealand ta fitar da tata tun 1998, Jamus ta fitar da ma'aunin bulon ƙasa da yaɓensa a 2013, jihar New Mexico ta Amurka ma tana da nata kundin. Wurare da yawa kuma doka ba ta ce komai ba, sai abin da jami'i ya gani. Ka je wa hukuma da zane mai kyau da sakamakon gwajin tubalinka tun kafin ka sayi ko ƙusa.

Gargaɗi: in yankinka ana girgizar ƙasa, wannan jagorar kaɗai ba ta ishe ka ba. Girgizar da ta afka wa birnin Bam na Iran a Disambar 2003 ta hallaka mutane fiye da 26,000, da yawansu a ƙarƙashin bangon tubali da rufi mai nauyi da ba a ɗaure su da juna ba. A irin wurin nan sai bango mai ƙarfafawa a ciki, da rufi marar nauyi, da sa hannun injiniya.

2. Zane

Ƙaramin gida a takarda ake cin nasararsa. Kafin ka ja layi, rubuta abin da ake yi a gidan daga asuba zuwa dare, da kayan da dole sai an ajiye. Daga nan ka fita fili da igiya da turaku, ka shata ɗakunan da girmansu na gaskiya, ka shiga ka zagaya. Mutane da yawa a nan suke gane cewa lungun da suka zana tsakanin ɗakuna ɓarnar wuri ce kawai.

A ƙasashe masu zafi, tsawon gidan ya miƙe daga gabas zuwa yamma, dogayen bangayen su fuskanci arewa da kudu. Ranar hantsi da ta la'asar ƙasa-ƙasa take zuwa, bakin rufi ba ya tare ta, don haka bangon gabas da na yamma su zama gajeru, tagoginsu kaɗan. A ƙasashe masu sanyi kuwa rana ake nema: manyan tagogi su kalli kudu in kana arewacin duniya, su kalli arewa in kana kudanci. Kowane ɗaki ya samu kafar iska a bango biyu, da wata ƙaramar kafa can sama inda iska mai zafi za ta fita.

Ga ƙa'idojin da bangon ƙasa ba ya yafewa. Tsayin bangon waje kada ya wuce kaurinsa sau goma, wato bango mai kaurin santimita 30 ya tsaya ƙasa da mita 3. In ya miƙe mita 3 zuwa 4, ya samu wani bango ko ginshiƙi da zai tokare shi. Ƙofofi da tagogi gaba ɗaya kada su cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon bango, kowacce kada faɗinta ya wuce mita 1.2, kuma a bar aƙalla mita ɗaya tsakaninta da kusurwa. Kicin da banɗaki su yi baya da baya, don bututun ruwa ya taru wuri guda. In kana da niyyar ƙara ɗaki nan gaba, sa lintar ƙofarsa, wato gicciyen da ke saman ƙofa, tun yanzu ka toshe wurin, ya fi a zo ana fasa bango.

3. Gwajin ƙasa

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi rama wa mutum.

Ƙasar sama, baƙar nan mai saiwoyi da ƙamshin ruɓaɓɓen ganye, ta shuka ce. Kwashe ta ka tara gefe. Ta gini tana ƙarƙashinta. Abin da ake so gauraye ne: yashi da ƙananan tsakuwa su ne ƙashi, yumɓu shi ne ke riƙe su. Ga tubali, yumɓu ya kasance tsakanin kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari. In ya yi yawa tubali ya tsage, in ya yi kaɗan ya marmashe.

Gwajin kwalba: zuba ƙasa zuwa sulusin kwalba mai faɗin baki, cika da ruwa, sa ɗan gishiri, girgiza sosai, ka ajiye. Cikin minti ɗaya yashi zai kwanta, sa alama. Bayan awa ɗaya ko biyu turɓaya ta biyo, sa alama. Yumɓu sai ya kwana, wani lokaci kwana biyu. Ka lura, yumɓu yana kumbura cikin ruwa, saboda haka a kwalba yakan nuna ya fi yadda yake.

Gwajin murza: kwaɓa ƙasar har ta daina manne wa hannu, murza ta ta zama sanda mai kaurin santimita 3, ɗora a tebur, ka riƙa tura ta a hankali tana leƙa baki har ta karye. Auna guntun da ya faɗi. Ƙasa da santimita 5, yashi ya yi yawa. Sama da 15, yumɓu ya yi yawa. Tsakaninsu kuwa kana kan hanya.

Waɗannan biyun nuni kawai suke yi. Hukunci yana wurin tubalin gwaji. Yi kwaɓi iri huɗu ko biyar: ƙasa zalla, ƙasa uku yashi ɗaya, ƙasa biyu yashi ɗaya, da sauransu, wasu da yankakkiyar ciyawa wasu babu. Buga tubali uku daga kowane kwaɓi, ka rubuta haɗinsa a jikinsa da tsinke tun yana ɗanye, don bayan mako uku ba za ka tuna ba. In sun bushe, ka saki kowanne daga tsayin ƙugu a kan ƙasa mai tauri. Nagari gefensa kawai zai ɓantare. Gicciya wani a kan tubala biyu ka hau tsakiyarsa. Karce shi da ƙusa: in layi siriri ya fito, madalla, in gari ya zubo, da saura. Haɗin da ya tsallake duk wannan ba tare da tsaga ba, shi za ka bi har ƙarshen aiki. Kuma duk ranar da aka sauya ramin ɗibar ƙasa, a sake gwaji, ko da tazarar ba ta da yawa.

4. Zaɓen irin bango

Tubali ɗanye, wanda ake bugawa a akwati a shanya, shi ya fi sauƙin koyo, kuma kuskurensa a fili yake tun kafin ya hau bango. Shi nake ba sabon shiga shawara, shi kuma zan bi a sauran matakan.

Akwai bulon matsi, wanda ake matse ƙasa mai ɗan danshi a injin hannu. Asalin irin injin nan shi ne CINVA-Ram, wanda injiniya Raúl Ramírez ya ƙera a Bogota a shekarun 1950, kuma har yau ana ƙera ire-irensa. Bulonsa gefe tsaf, kuma in an sa siminti kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari yana jure ruwa sosai. Akwai bangon daɓe, inda ake kirɓa ƙasa tsakanin alluna biyu layi-layi. Yana da kyan gani, sai dai allunan na cin kuɗi kuma yana son gwani. Akwai ginin curi, a ɗora laka da hannu ba tubali, mai arhar kayan aiki amma mai jinkirin bushewa.

Kada a ruɗe ka da cewa bangon ƙasa yana maganin kowane yanayi. Abin da yake yi shi ne jinkirta zafi: bango mai santimita 30 yakan riƙe zafin rana kimanin awa 8 zuwa 10 kafin ya iso ciki. Inda rana ke zafi dare ya yi sanyi, wannan alheri ne. Inda ake dogon hunturu kuwa, ƙasa ba ta hana ɗumi tserewa, gara bangon dammunan karan alkama ko na shinkafa da aka matse da inji, a yaɓe su ciki da waje. Kara ake so, ba ciyawar dabbobi ba, kuma danshinsa kada ya kai kashi 20 cikin ɗari. Inda zafi da laima suka haɗu dare da rana, gida marar nauyi na katako ko gora, mai iska ta ko'ina, ya fi bango mai kauri daɗin zama.

5. Lissafin kaya, kuɗi da lokaci

Ɗauki tubali mai tsawon santimita 30, faɗi 14, kauri 10. Nauyinsa kusan kilo 7. Bango mai kaurin 30 yana cin kimanin tubali 52 a kowane murabba'in mita, na raba ɗaki mai kaurin 14 yana cin 26. Gidan misalinmu zagayensa mita 26 ne. In bangon ƙasa ya kai mita 2.5, ka cire ƙofofi da tagogi, za ka samu kusan murabba'in mita 57, wato tubali wajen 3,000. Bangayen ciki su ci kamar 600. Ƙara kashi 10 cikin ɗari na fashewa, ka ce 4,000. In ka haɗa da ƙasar ɗori, ana maganar fiye da tan 30.

Wannan adadin shi ke tona asirin masu cewa ƙasa kyauta ce. Kyauta ce in a filinka take. In mota za ta kawo ta daga nesa, kuɗin dako na iya cinye duk rangwamen. Kuma bango ba shi ne babban mai cin kuɗi ba. Rufi ne kan gaba, sai harsashi, sai ƙofofi da tagogi, sai wuta da famfo. Ƙwadago kuma ya fi na ginin siminti yawa, don haka ribar tana ga wanda zai sa hannunsa ko yake da masu taya shi. Ware kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na ko-ta-kwana. Shawarata, kada ka fara ɗora bango sai kuɗin rufi na hannu. Bangon siminti yana iya shekara a buɗe yana jiran mai shi ya farfaɗo, na ƙasa ba ya wannan haƙurin.

Kayan aiki: diga, shebur, baro, bokitai masu girma ɗaya don awo, rariyar waya, akwatin buga tubali, cokalin gini, tef, igiya, turaku, siririn tiyo mai nuna ruwa, igiya mai nauyi ta duba miƙewar bango, da tamfol fiye da yadda kake zato.

Lokaci kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Fara buga tubali da zarar ruwa ya ɗauke, a yi harsashi yayin da suke bushewa, rufi ya hau kafin ruwan farko. A ƙasar sanyi, komai ya bushe kafin ƙanƙara, don ɗanyar ƙasa in ta daskare rugurgujewa take. Inda ruwa ba ya ɗaukewa sosai, kafa ginshiƙai ka yi rufin tukuna, ka gina bango a ƙarƙashinsa.

6. Buga tubali

Tankaɗe ƙasar, cire duwatsu da saiwoyi. Auna da bokiti, ba da ido ba. Zuba ruwa, a tattake, a bar kwaɓin ya kwana don yumɓu ya jiƙa har ciki. Washegari a sa ciyawar da aka yanka santimita 5 zuwa 10, a sake takawa. Share filin shanya ya zama shafal, barbaɗa yashi. Jiƙa akwati, jefa kwaɓin da ƙarfi, danna kusurwoyi da yatsu, share sama, ɗaga akwatin tsaye cak. In tubalin ya baje, ruwa ya yi yawa. In ya ƙi fita, ya yi kaɗan.

Kwana biyun farko a rufe su da tabarma ko ciyawa in rana na da zafi, domin saurin bushewa ke kawo tsaga. Bayan kwana uku ko huɗu a tayar da su a gefe, bayan mako a jera su da tazara iska na ratsawa. Sai sun yi mako uku zuwa huɗu. Fasa ɗaya ka duba: in tsakiyarsa ta fi gefe duhu, bai yi ba.

Gargaɗi ga masu bulon matsi da siminti: a gauraya simintin da ƙasa a bushe kafin ruwa, kuma a matse cikin awa ɗaya. Wannan bulon ba shanya yake so ba. A lulluɓe shi da leda ya zauna da danshi mako ɗaya ko biyu, kada a gina da shi sai ya cika kwana 28. In aka baje shi a rana a ranar farko, simintin ya tafi a banza.

7. Shata gida da harsashi

Kafa turaku, ja igiya. Don kusurwa ta daidaita, auna mita 3 a igiya ɗaya, mita 4 a ɗayar, tsakanin alamomin biyu ya zama mita 5 cif. In ka gama, auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarori biyu, awon ya zo ɗaya. Da tiyon ruwa za ka sa alamar tsayi ɗaya a duk turakun.

Tona ramin harsashi mai faɗin santimita 50 zuwa 60, zurfi har ka taka ƙasa mai tauri, kada ya gaza 60. Inda ƙasa ke daskarewa, a wuce iyakar daskarewar. Cire duk kututture da gidan gara da ka tarar. Gina da dutse, ana saɓa gaɓoɓi, ana gicciya dogon dutse lokaci-lokaci ya ɗaure fuska biyu. In babu dutse, jan bulo ko kankare.

A nan ba na ƙyashin siminti. Gaskiya ne sarrafa shi na fitar da kusan kashi 8 cikin ɗari na hayaƙin kabon na duniya, kuma rage shi na cikin dalilan wannan gini. Amma buhu kaɗan a gindin bango, wanda zai sa gida ya yi shekaru aru-aru, ya fi gida marar siminti da za a sake ginawa bayan shekara goma.

Dutsen ya ɗago sama da ƙasa aƙalla santimita 30, inda ruwa ke da ƙarfi 50. A samansa shimfiɗa leda mai kauri ko shafen kwalta, don danshi ya tsaya nan. Bututun ruwa da na masai a bar musu kafa yanzu.

Gargaɗi: kada a zo daga baya a tara ƙasa ko a yi lambun fure har ya rufe dutsen nan. Shi ne wurin da za ka riƙa ganin hanyar gara in ta fara hawa.

8. Ɗora bango

Fara da kusurwoyi, ja igiya a tsakani, cike layi. Ƙasar ɗori ita ce dai kwaɓin tubalin, a tankaɗe, ba ciyawa. Kaurinta kada ya wuce santimita 2. Ɗan yayyafa wa tubali ruwa kafin ka aza. Gaɓar sama kada ta hau kan ta ƙasa, kuma a cike gaɓoɓin tsaye tam, don nan ne magini mai sauri ke yin ha'inci. Bangon ciki a saƙa shi da na waje layi-layi, ba a jingina shi daga baya ba.

A rana kada a wuce layi 5 ko 6, kuma gidan ya tashi gaba ɗaya, ba ɓangare guda ya kai sama ɗayan na gwiwa ba. Kowane layi biyu a duba miƙewa. Da yamma a rufe kan bango.

A gefen ƙofofi da tagogi a binne guntayen katako masu magani, inda za a kafa firam. Linta ta hau bango aƙalla santimita 30 kowane gefe. Bar ɗan sarari tsakanin linta da firam, don bango zai zauna kaɗan, in ba haka ba ƙofa ta ƙi rufuwa. Kantoci da ƙananan ma'ajiyai a cikin kaurin bango yanzu ake barin su, kuma a ƙaramin gida suna rage buƙatar kabad sosai.

Gargaɗi: kada a ɗora ɗanyen tubali da kwaɓin siminti. Ba sa kama juna, kuma ba sa motsi tare.

9. Ɗamara da rufi

A saman bango a zagaya da ɗamara, ta katako mai kauri ko ta kankare da rodi mai kaurin santimita 10 zuwa 15, ba yankewa har kusurwoyi, har kan bangayen ciki. Ita ke haɗa gidan ya zama abu ɗaya, ita ke raba nauyin rufi. A ɗaure ta da bango da waya ko rodi da aka binne layi huɗu ko biyar ƙasa, sannan a ɗaure katakon rufi da ita. Guguwa ɗaga rufi take yi, nauyinsa kaɗai ba ya riƙe shi.

Bakin rufi ya zarce bango aƙalla santimita 60 ta ko'ina. Ɓangaren da ruwa ke bugowa a ba shi mita ɗaya, ko a yi masa baranda, wadda dama ɗaki ce ta kyauta.

Kwano ya fi sauƙi da rashin nauyi, kuma yana ba da ruwan tara: kowace milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, wato rufi mai murabba'in mita 60 inda ake samun milimita 600 a shekara yana karɓar lita 36,000, kafin a cire ɗan abin da ke ɓacewa. Aibinsa zafi. Maganin shi ne rufi biyu, kamar yadda masanin zanen gine-gine Francis Kéré ya yi a makarantar Gando ta Burkina Faso da aka kammala a 2001: silin na ƙasa, kwano a ɗage can samansa, iska na wucewa tsakani. Rufin ciyawa yana da sanyi, amma sai gangarensa ya kai digiri 45, kaurinsa santimita 25 zuwa 30, kuma a nisanta shi da tartsatsi. Inda katako ke wuya kuma ruwa kaɗan ne, akwai rufin baka irin na Nubiya (yankin kudancin Masar da arewacin Sudan), wanda tubali zalla ne, sai dai faɗin ɗaki ba ya wuce mita 3 da 'yan kai, kuma aikin wanda ya koya ne.

In da gora za ka yi, yanki mai shekara 3 zuwa 5, huda gaɓoɓinta, jiƙa ta a ruwan boraks da sinadarin borik mako ɗaya zuwa biyu, busar a inuwa. Kada a buga mata ƙusa, tsagewa take. A huda a sa noti, ko a ɗaure. Gora da katako duka, kada su taɓa ƙasa.

10. Yaɓe

Bar bango ya zauna ya bushe, makonni da yawa bayan rufi. Kafin nan a sassaƙa hanyar wayar wuta a sa bututunta. Goge ƙura, yayyafa ruwa, sannan yaɓe. Haɗin farawa shi ne ƙasa mai yumɓu ɗaya, yashi biyu zuwa uku, da ciyawa mai laushi, amma gwada faci huɗu ko biyar a bango tukuna, ka zaɓi wanda bai tsage ba kuma bai zubar da gari ba. Shafi na farko kamar santimita ɗaya da rabi, a karce shi, ya bushe, sannan na ƙarshe siriri.

A waje, musamman ɓangaren ruwa, yi amfani da farar ƙasar gini, wadda ake samu daga ƙona dutse: ɗaya ga yashi uku. Tana tauri ne a hankali ta hanyar shan iska, don haka a kare ta daga rana, a riƙa fesa mata ruwa kwanaki. In ɗanya ka saya mai buƙatar jiƙo, ita ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a zuba mata ruwa ba. Tafasa take yi, tana ƙona fata, tana makantarwa. Tabarau da safar hannu dole ne.

Gargaɗi mafi girma a wannan aikin: kada a yi wa ɗanyen bangon ƙasa filastar siminti ko fentin mai. Shekarar farko zai yi kyau. Daga nan siririyar tsaga ta fito, ruwa ya shiga, ya rasa hanyar fita. Sai ka ƙwanƙwasa ka ji kamar ganga, filasta tsaye, bangon da ke bayanta ya zama taɓo. Yaɓe mai sumul kuma maganar lafiya ce: a ƙasashen Latin Amurka, ƙwaron da ke yaɗa cutar Chagas a tsagogin bangon da ba a shafe ba yake ɓuya.

11. Daɓe, banɗaki da magudana

Daɓen ciki ya fi ƙasar waje tudu. Zuba tsakuwa santimita 10 zuwa 15, kirɓa, sa ƙasa mai danshi layi-layi ana daɓewa, sannan shafin ƙarshe mai santimita 2. In ya bushe ƙayau, a shafa man linsid, irin man da ake shafa wa katako, sau uku ko huɗu. Tsumman da aka shafa man da shi kada a dunƙule shi a jefar a lungu, yana iya kama wuta da kansa. A baza shi a waje ko a tsoma a ruwa.

Banɗaki da bayan wurin wanke-wanke a yi su da jan bulo ko dutse, a sa tayil. Bututun ruwa ya bi ta fili inda ido ke gani, kada a binne shi a bangon ƙasa. Ramin masai ya yi nesa da harsashi, kuma mita 30 aƙalla daga rijiya. Zagayen gida a gangarar da ƙasa ta yi waje, a zuba tsakuwa inda ruwan rufi ke sauka don kada ya fantsamo.

12. Shekarar farko

Kafin kowace damina a hau a duba rufi, a share magudana. Bayanta a zagaya gindin bango. Fari-fari kamar gishiri ko duhun danshi a ƙasan bango alama ce ruwa na hawa, a nemo ta inda yake zuwa kafin a shafe wurin. Hanyar gara a kankare ta, a bi ta har gidanta. Inda yaɓe ya ɓantare, jiƙa wurin ka cike da irin haɗinsa, shi ya sa yake da kyau ka ajiye buhu biyu na busasshen haɗin, ka kuma rubuta awonsa.

Ƙananan tsagogi kamar gashi a jikin yaɓe ba abin damuwa ba ne, bushewa ce. Wadda za ka sa wa ido ita ce mai tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko mai raba bango biyu a kusurwa. Ja layi da fensir a ƙarshenta, auna faɗinta, rubuta kwanan wata a gefe. In bayan wata biyu tana nan yadda take, cike ta. In ta wuce layin ko ta ƙara buɗewa, harsashi ne ke motsi, sai a kira injiniya kafin ruwa ya sauka.